Hisabin Malam Halliru da Rumbunan Yari

Akwai wani malami a Illela mai suna Halliru, a zamanin da Turawa suka fara kafa duwatsun iyaka. Ya yi shekaru a Sakkwato yana karatun hisabi. Da ya dawo, gari ya ɗauki murna, don a wurin mutane hisabi duba ne.

Ashe nasa na awo ne. Bawan Allahn nan inuwar bango ma sai ya tsaya ya tambaye ta dalili. Kowace damina yana bakin tafkin Kalmalo da igiya da turke, yana duba yadda ruwa ke hawa. Matarsa Zuwaira takan ce, "Malaman gari na cin kaji, mu muna cin awo."

Rannan wani babban manomi, Yari, ya zo. Zai gina sababbin rumbuna kusa da tafki, ya kwashe tsohon geronsa duka ya zuba.

"Malam, yi mini hisabi. Wace rana ta hi sa'a?"

"Ni ban san sa'a ba," in ji Malam. "Amma wurin ga kwari na. Na auna gangarensa. In damina ta yi ƙarhi, ruwa na isa wurin. Hau tudu."

Yari ya tuntsire da dariya. "Mi? Rana nika tambaya, kana ba ni labarin ƙasa!"

Ya tafi wurin mai duba, aka ba shi Alhamis, ya gina abinsa.

Damina ta zo da ƙarfi. Tafki ya cika ya tumbatsa, gindin rumbunan ya jiƙe, suka zube. Abincin gidan Yari ya bi ruwa. Wallahi abin tausayi, mutum da iyali cike da gida.

Kowa ya zuba ido ya ji Malam ya ce "na faɗa." Bai ce ba. Ya buɗe nasa ɗan rumbun, ya aika wa Yari da dammunan gero, Zuwaira na harararsa.

Yari ya zo godiya, kai a sunkuye. Can ya ce, "Malam, baɗi ina ruwa za shi tsaya?"

"Ban sani ba tukuna. Riƙa mini bakin igiya mu tahi mu auna."

Darasi: Mai cewa "ban sani ba, mu bincika" ya fi mai ba ka amsar da ranka ke so. Kada ka raina ilimi don bai zo da siddabaru ba. Tura wa wanda kake ƙauna, kafin ya gina nasa a kwari.