Layin da Guguwa Ya Goge

Akwai wani mai rubuta manhajar kwamfuta da abokan aikinsa ke kira Guguwa, saboda saurin hannunsa. Kamfaninsu ne ke yi wa wani asibiti manhajar da ke lissafa maganin yara gwargwadon nauyinsu.

Idan an yi gyara, sai a buɗe baƙin allon umarni a rubuta "make". Shi zai harhaɗa fayilolin su zama manhaja, sannan ya gwada lissafin ɗaya bayan ɗaya. Gwajin kan ci minti ashirin.

Rannan gwajin ya tsaya da jan rubutu. Guguwa ya ja tsaki, ya buɗe fayil ɗin da "make" ke bi, ya goge layin gwajin.

Anti, abokiyar aikinsa wadda ta rubuta gwajin, tana gefensa. Ta ce, "Ƙanena, jan rubutun nan ba ado ba ne."

"Haba Anti, sai na tsufa a kujera? Zan mayar kafin in tura."

Bai mayar ba. Haka ya tura wa asibitin manhajar.

Bayan kwana huɗu zazzaɓi ya rufe 'yarsa mai shekara uku, shi da matarsa suka kai ta asibitin. Nas ta auna ta, ta shigar da nauyin a kwamfuta, ta ɗauko sirinji. Sai ta tsaya cak.

"Innalillahi! Wannan ai ninki goma ne na abin da ya kamata a ba ta!"

Guguwa ya leƙa allon, ya ga aikin hannunsa.

Matarsa ta dube shi. "Lafiya?"

Da ƙyar ya tambayi nas, "An yi wa wani yaron allurar nan da wannan lissafin?"

Nas ta dafe ƙirji. "Ɗaya, jiya. Har yanzu bai farfaɗo ba, likitoci sun rasa dalili."

Nan take ya kira Anti yana kuka. Ta mayar da layin. Gwajin ya nuna ɗigon da ke tsakanin lambobi ne ya gusa a lissafin, adadin maganin ya ninka goma.

Guguwa da bakinsa ya faɗa wa likitoci gaskiya, suka canza magani. Sai kwana na shida yaron ya buɗe ido. Guguwa kuwa ya rasa aikinsa.

Darasi: Kada gaggawa ta sa ka tsallake gargaɗi, ba ka san ran wa ke rataye da aikinka ba. Ku tura wa duk mai raina ƙaramin kuskure.