Allurar Da Badamasi Ya Yi Wa Manu

Akwai wani saurayi a Jibiya mai suna Badamasi, amma duk tashar bakin iyaka ba mai kiran sunansa. Direbobi "Dakta" suke ce masa, 'yan dakon da suka ƙetaro daga Maraɗi kuma "Lokotoro". Alhali bawan Allah ɗalibi ne kawai a wata makarantar koyon aikin jinya a Katsina, yana kuma tsare wa kawunsa Ɗantala kantin magani.

A farkon shekarun shari'a ne, lokacin da kowa ke kaffa-kaffa, magana kaɗan sai ka ji an ce a tafi gaban alƙali.

Gaskiya Badamasi yana wahala. Ya bi motar asuba zuwa makaranta, ya dawo ya tsaya a kanti. Ranar Lahadi kuwa, ranar kasuwa, ko zama ba ya samu, balle ya buɗe littafi. A aji gyangyaɗi yake yi. Sakamakonsa kullum yana can ƙasa, har ya daina zuwa duba allo sai mutane sun watse.

Abu ɗaya ne yake taƙama da shi: allura. Tun yana yaro kawunsa ya koya masa cewa a nemi tsakiyar ɗuwawu, inda nama ya fi yawa, a soka. Don haka ranar da ake koyar da wannan darasi bai ma je ba. Me za a koya wa mai yi kullum?

Ranar jarrabawar gwaji aka ajiye mutum-mutumin roba. Badamasi ya ɗauki sirinji yana murmushi, ya soka a tsakiya. Malama Barira, wadda ke kula da gwajin, ta riƙe hannunsa.

"Nan kake yi wa mutane?"

"Shekara da shekaru, Malama. Ba wanda ya taɓa kawo ƙara."

"Allah ne ya rufa maka asiri. Ƙarƙashin nan akwai babbar jijiya da ta sauka har tafin ƙafa. Sama ake yi, ta gefe. Ka faɗi, Badamasi. Za ka maimaita tare da 'yan ajin baya, kuma kada ka sake taɓa sirinji sai na sallame ka."

Ya shiga mota ransa a ɓace. A ganinsa matar nan tsanarsa kawai take yi. Shi da ake kira Dakta zai zauna da ƙananan yara? Ya daina zuwa makaranta, ya ce wa kawunsa hutu aka ba su. Kunya ce ta hana shi faɗi, girman kai kuma ya hana shi gyarawa.

Wata Lahadi sai ga Manu, wani ɗan dako siriri mai fara'a, mutumin Maraɗi. Da ƙafafunsa yake ciyar da iyalinsa, yana sauke buhuna daga wannan mota zuwa waccan. Zazzaɓi ya kama shi, jikinsa sai ɓari yake.

"Lokotoro, taimake ni da allura. Ƙwaya ba ta yi mani komi. Ga kamiyo, babbar motar can, na jira, in ban sauke ba wani za a ba."

Maganar Malama Barira ta faɗo wa Badamasi a rai. Amma kantin cike yake, ana kallonsa. Ya ja labule, Manu ya dafa bango a tsaye kamar yadda 'yan dako suka saba, shi kuma ya soka inda hannunsa ya saba.

Manu ya ƙwalla ƙara. Ya ce wuta ta bi masa ƙafa har yatsu.

"Zafin magani ne, zai sake ka," in ji Badamasi.

Bai sake shi ba. Kwana ya yi kwana, tafin ƙafar ya saki, sai jan sa yake a ƙasa. Badamasi da kansa ya kai shi asibiti a Katsina. Suna zaune sai wata 'yar ajinsu da ke koyon aiki a wurin ta gan shi, ta ce, "Badamasi, tun da aka kayar da kai a allura ka ɓace?"

A kunnen Manu ta faɗi haka.

Da labari ya bazu, 'yan dako suka taru suka ce sai an je kotun shari'a. Manu ya girgiza kai.

"Alƙali na da ƙahwa da zai ba ni?"

Sannan ya dubi Badamasi. "Abu guda nika so in sani. Hwaɗuwar nan taka, kahin ka yi mani ce, ko baya?"

Badamasi ya sunkuyar da kai, hawaye na zuba. "Kafin ne."

"To," in ji Manu. Ya dogara sanda ya fita.

Badamasi ya koma makaranta, ya zauna da 'yan ajin baya ba tare da an roƙe shi ba. Da ƙyar, da maimaici, ya samu takardarsa. Ƙafar Manu kuwa ba ta dawo ba. Yanzu goro yake kasawa a faranti a gindin wata bishiyar bedi kusa da shingen kwastan, yana kallon wasu na ɗaukar buhunan da ya saba ɗauka.

Duk ranar da Badamasi ya wuce cikin fararen kaya yakan durƙusa ya gaishe shi. Manu yana amsawa da mutunci, har ya miƙa masa goro. Amma bai sake ce masa Lokotoro ba.

"Sannu, Badamasi," yake cewa.

Darasi: Faɗuwa jarrabawa ba abin kunya ba ne, gargaɗi ne cewa akwai abin da ba ka iya ba tukuna. In ka ɓoye shi don kare suna, wani bawan Allah ne zai ɗauki nauyin a jikinsa. Ku tura wa duk ɗalibin da ke haɗa karatu da aiki, ko Allah zai sa ya koma aji tun kafin ya yi abin da ba ya gyaruwa.