Kwaɗin Tafki da Tsohon Kunkuru

Ga ta nan, ga ta nanku, 'yan jikokina!

Ta zo mu ji ta, Kaka!

Wani tafki ne cike da kwaɗi, sun fi dubu, duk cikinsu babu wanda ya haura damina uku. Sarkinsu kuwa wani tsohon Kunkuru ne, 'yan majalisarsa ma duk kunkuraye masu gansakuka a baya. Mai tsaron ƙofarsa Zalɓe ne, tsuntsun nan mai dogon baki.

Wata shekara damina ta ɗauke da wuri, yashi ya toshe hanyar da ruwan kogi ke shigowa. Akwai wata kwaɗuwa, Raɓa, ta ƙyanƙyashe 'ya'yanta na fari, ko ƙafa ba su yi ba. Ta ga ruwa na ja da baya. Sai ta nufi fada.

Ta ce, "Ranka ya daɗe, a ba mu izini mu tone yashin nan."

Kunkuru ya ce, "Damina nawa kika ci?"

"Biyu."

"Ni ɗari da goma. Ruwa kan tafi, ruwa kan dawo. Yarinya, yi haƙuri."

Zalɓe ya ce, "Gaskiyarka, zaki!" Ruwa ya yi ƙasa, kamu ya yi masa sauƙi. Ran nan kwaɗi biyar ya haɗiye.

Ruwa ya koma iya gwiwar Zalɓe. Raɓa ta sake zuwa.

"Ranka ya daɗe, to a bar mu mu ƙaura kogi tun da sauran laima a hanya."

Kunkuru ya ce, "Majalisa za ta zauna baɗi."

Ta ce, "Baɗi a wurinka gobe ce. A wurinmu kabari ne."

Zalɓe ya ce, "Kai, ji rashin kunyar yaran zamani! Duk wanda ya tsallake gaɓa ya yi tawaye, ni zan hukunta shi."

Kwaɗi suka ji tsoro, suka zauna.

Tafki ya zama taɓo. 'Ya'yan Raɓa na ta mutsu-mutsu a ɗan kwatamin da bai fi tafin hannu ba. Ta ruga fada a karo na uku.

"Ina Sarki?"

Zalɓe ya nuna mata tudun laka. Kunkuraye sun tona rami, sun binne kansu, kowa ya ja wuya cikin ƙoƙonsa. Ashe haka suke yi duk fari, su yi barci har ruwa ya sauko.

Ta yi kira, ta yi kira, ta yi kira. Sai ta juya.

Da ta koma, kwatamin ya bushe. Ta ƙirga 'ya'yanta a kan busasshiyar laka, ba ko ɗaya mai motsi. Ta shige ƙarƙashin wani dutse.

Bayan wata bakwai aka yi ruwan farko. Kunkuru ya fito, ya yi miƙa, ya ce, "Ina jama'ata? A zo a yi gaisuwa."

Kwaɗi tara suka fito. Raɓa ce ta goma. Ta buɗe baki ta fara kiran 'ya'yanta ɗaya bayan ɗaya, sauran suka kama, kowa na kiran nasa.

Kunkuru ya ce wa Zalɓe, "Ka ji yadda suke yabona?"

Shi ya sa har yau, da an yi ruwan farko, za ku ji kwaɗi na kuka ba ƙaƙƙautawa. Matattunsu suke kira. Ku riƙe wannan, yara: wanda ƙishirwarka ba za ta kashe shi ba, kada ka ba shi ajiyar tulunka.

Ƙurunƙus! Kan ɓera, ba nawa ba, ba naku ba.