Jirgin da Aka Liƙe da Sabulu

An yi wani mutum a nan Maradi, a shekarun da jam'iyyu suka fito, kowace unguwa da tutarta. Ba za a faɗi sunansa ba, don ya bar 'ya'ya, su kuwa ba su yi laifin komai ba.

Da manyan motoci ya yi arziki. Daga karen mota ya fara har ya mallaki gareji a Sabon Gari. Abin alfaharinsa shi ne bai taɓa yar da mota don ta tsufa ba. In ta mutu a daji sai a ɗaure da waya, a liƙe, a tura, ta tashi.

Da dukiya ta yi yawa sai ya sayo tsohon jirgin sama daga wata ƙasa inda suka gama cin moriyarsa. Ƙaramin jirgi ne mai farfela, yana ɗaukar fasinja daga Maradi zuwa Yamai. Aka yi masa sabon fenti har yana ɗaukar ido. Alhaji ya kuma ware kujera guda ta sadaka, don talaka marar lafiya da likita ya tura Yamai. Ya 'yan uwa, wa zai ga wannan bai sa masa albarka ba?

Mai kula da lafiyar jirgin sunansa Idirisa, ya yi karatun gyaran jirage a waje. Ya gaya wa Alhaji cewa jirgin nan ya girme shi a haihuwa, bututun mai sun bushe sun soma tsagewa, dole a ajiye shi a kwance injin a duba. A lokacin an karya darajar kuɗin sefa, kayan gyara sun yi tsada. Zaɓe ya matso, 'yan siyasa na rububin hayar jirgin. Masu zuwa duba jirage kuma suna yajin aiki. Alhaji ya ce a bari sai bayan zaɓe. Idirisa ya sake magana, ya sake, har ran Alhaji ya ɓaci.

Ya ce masa, "Kai yaro, na kai motar da ta girmi ubanka har Agadas na dawo da ita. Ƙarfe ai ƙarfe ne. Ajali ke kashe mutum."

Idirisa ya ce, "Alhaji, mota in ta mutu akwai gefen hanya. Can sama ina za a tsaya?"

A ranar aka sallame shi. Alhaji ya ɗauko Maliki, tsohon makanikin garejinsa, wanda bai taɓa sa hannu a jirgi ba. Ya sa aka yanka rago a gindin fiffike, malamai suka yi addu'a, aka raba nama. Ya ce ya gama nasa, saura na Allah.

A Jiratawa akwai wata yarinya, Rahmatu, matar wani manomin tumatir. Cikinta na fari ne, ya zo da wahala, ƙafafunta sun kumbura har takalmi ba ya shiga. Likita ya ce a kai ta Yamai, kuma kada ta sha jijjigar mota. Uwarta Tasalla ta yi ta sintiri ƙofar gidan Alhaji har aka ba 'yarta kujerar sadaka. Ta daka mata fura, ta ɗaure mata 'yan kayan jinjiri a sabon zane, ta rako ta filin jirgi da hantsi.

Kafin su iso, Maliki ya buɗe murfin injin ya ga mai yana ɗiga. Ya kira Alhaji ya nuna masa. Alhaji ya duƙa, ya shafa da yatsa, ya sansana. Ya ce a yi masa abin da ake yi wa tankin mota in ya huje a hanya. Maliki ya murza sabulu ya liƙe tsagar, ya naɗe da roba, ɗigar ta tsaya. Ya ce ya kamata a sanar da matuƙin jirgi. Alhaji ya ce ya rufe murfin, ya rufe bakinsa.

Sabulu, 'yan uwa. Sabulun wanki, a jikin abin da zai ɗauki rayuka zuwa sama.

Alhaji na goge yatsansa da hankici Tasalla ta iso gabansa. Ta durƙusa har ƙasa, ta yi masa godiya, ta roƙi Allah ya tsare masa zuri'a kamar yadda ya tsare mata tata. Ya ce amin. Yana tsaye aka kama hannun Rahmatu aka hau da ita matakala, tana hawa tana hutawa. Da ta kai ƙofa ta waiwayo ta ce wa uwarta ta koma gida, rana na yi.

Jirgin bai yi nisa ba. Mutanen Tsibiri suna gona suna girbin gero suka ga hayaƙi na bin fiffikensa, sai wuta. Ya juyo kamar zai koma Maradi, ya kasa. Ya faɗi cikin gonaki, gero ya kama. Mutane suka sheƙo da ganye da ƙasa, amma zafi bai bar kowa ya matsa ba. Babu wanda ya fita daga jirgin da rai. Tasalla ko tashar motar Jiratawa ba ta kai ba labari ya same ta.

A wurin jana'iza Maliki ya kasa riƙe abin a cikinsa. Ya faɗi ƙasa yana kuka, ya faɗi komai a gaban jama'a. Mutane suka tsaya kamar an dasa su. Wani dattijo ya sa ya maimaita, don ya ɗauka kunnensa ne bai ji daidai ba.

Duk da haka Alhaji ya bi gidaje ta'aziyya da buhunan shinkafa. Da ya zo Jiratawa, Tasalla ta fito har zaure.

Ta ce, "Alhaji, tambaya guda gare ni. Lokacin da na durƙusa ina sa maka albarka, ka riga ka sani?"

Ta koma ciki. Aka mayar masa da shinkafarsa cikin mota.

Daga nan komai ya rushe. Jandarma suka tafi da shi. Kafin ya fito, babu ɗan kasuwar da ke yarda a loda kayansa a motocinsa, direbobi sun watse, gareji ya zama wurin kwanan awaki. Hankalinsa ma ya tafi. Mutumin da ake layi a gaishe shi ya koma zaman bakin rumfunan Sabon Gari, yana tare duk mai wucewa yana tambaya, "Sun sauka Yamai?" A haka ya ƙare.

Ya 'yan uwa, ajali gaskiya ne, babu mai musu. Amma wanda ya ga ɓarna da idonsa ya rufe, ya ɗora 'ya'yan mutane a kai, kada ya kira wannan tawakkali. Cin amana ne. Sadaka abu ne mai kyau, addu'a ma haka, amma rago ba ya gyara bututu, fenti ba ya mayar da tsoho sabo. Kai mai jirgi, kai mai mota, kai mai kwalekwale, duk wanda ya hau abinka ya ba ka ransa ne ka riƙe masa. In ya tsufa ka duba shi, in ya lalace ka ajiye shi, ko da kasuwa za ta wuce ka. Me za ka ce ranar da za a tsayar da kai gaban waɗanda ka ɗauka?

Allah ya jiƙan Rahmatu da abin da ke cikinta, da duk waɗanda suka tafi tare da ita. Allah ya kiyaye mu da cin amanar rayuka, ya kiyaye 'ya'yanmu daga hannun mai gani ya yi shiru. Amin.