Kwalbar Wanzami Dodo

Akwai wani wanzami a Maijirgi mai suna Dodo, wanda hannunsa ya fara rawa kullum da safe.

Matarsa Hindu ba ta yi wata-wata ba, ta ce sammu ne. Ta ma san mai shi: Bello, ɗaya wanzamin garin. In hannun Dodo ya lalace, wa zai ci riba in ba shi ba? Ta daina gaisawa da gidansa. Ko tuwo aka aiko daga can, kaji take zuba wa.

Dodo bai musa ba. Yana da wata kwalba da yake cikowa ranar kasuwar Tasawa, wai maganin karya sammu. Da ya kurɓa, sai hannu ya tsaya cak. Hindu da kanta take miƙa masa kafin koko. Kurɓa ɗaya ta koma uku, uku ta koma rabin kwalba. Warin ya dame ta, amma ta ce ai magani ba turare ba ne.

Ranar sunan jaririn ƙanwarta, akuya ta ture kwalbar, maganin ya zube kafin Dodo ya kurɓa. Dodo ya zauna askin suna gumi na zuba, aska na kaɗawa bisa kan ɗan kwana bakwai.

Bello ne ya riƙe masa hannu. "Kawo in kama maka, yaya, ba ka da lafiya." Ya yi askin, ya sa Dodo a amalanke, sai asibiti. Hindu ta bi su da kwalbar, tana hararar Bello.

Likita ya shinshina. "Malama, wannan giya ce."

"Amma ita ke tsai da rawar!"

"Ita ta kawo ta. Giya na danne ƙwaƙwalwa, ƙwaƙwalwar kuma ta ƙara ƙaimi don ta yi aikinta. In ta saba, kurɓa ɗaya ba ta isa, ranar da babu kuma jiki ya ɗauki rawa. Kada ya bari lokaci guda a gida, akwai haɗari. Nan za mu raba shi da ita."

Dodo ya sunkuyar da kai. "Tun kafin rawar nake sha, da farko don gajiyar kasuwa ne."

Kunya ta rufe Hindu. Ta durƙusa gaban Bello tana hawaye. "Malam Bello, ka yafe mani. Shekara biyu ina neman hannun da ke cutar mijina, ashe nawa ne ke miƙa mashi."

Darasi: Giya ba ta kama mutum rana ɗaya, ƙwaƙwalwa take sabar wa har ya ɗauke ta magani. Kafin ku zargi maƙwabci, ku kai naku asibiti. Ku tura wa 'yan uwa, wataƙila wani gidan na da irin wannan kwalbar.