Ciyaman da Rediyon Nagoma Mai Shayi

Wata rana Ciyaman ɗin Tudun Gamji ya samu labarin Nagoma mai shayi ya ƙure rediyo, jama'a sun sha fashin baƙin malaman jami'a kan mulkinsa. Ran kasuwa sai ga shi gaban teburin, da jiniya.

"Nagoma! Ko ka kwashe maganar farfesoshin nan daga kunnen duk wanda ya ji, ko in kwashe teburinka yau!"

Nagoma ya durƙusa. "An gama, ranka ya daɗe. Sai dai ina suyar ƙwai, ban ji ba. Me suka ce? Kada in kwashe wa mutane karatun sallarsu."

"Cewa suka yi makarantun da na gina ba rufi!"

"Subhanallahi! Ɗaga murya, ranka ya daɗe, risho na ƙara."

Ciyaman ya fizge lasifikar mai tallan maganin basir. "Wai rijiyar da na ƙaddamar, da jarka aka zuba mata ruwa! Wai injin asibiti kuma kwali ne!"

Kasuwa ta ɓarke da dariya, har mai tumatir ta faɗa kwandonta.

Nagoma ya share hawayen dariya. "Allah ya taimake ka, 'yan benci ɗaya ne suka ji rediyona. Kai kuwa ka cika kunnen kasuwa kaf. Fara kwashe naka, in ga yadda ake yi."

Ciyaman ya faɗa mota. Nagoma ya bi shi da kira: "A haɗa maka mai kauri, murya ta dushe!"