Tsaka Mai Ƙara wa Kwamfuta Gudu

Ga ta nan tafe, ku gyara zama ku ji ta.

Tsaka dai a bayan fankar wata tsohuwar kwamfuta take kwana, a shagon gyara. Duk iliminta bai wuce abin da ta taɓa tsinta a bakin mai shagon ba: wai ana iya ƙara wa furosesa, wato ƙwaƙwalwar na'ura, gudu, amma sai an shafa mata wani farin mai don kada ta yi zafi. Da yunwa ta ci ƙarfinta, sai ta ɗaura ɗankwali, ta kasa sukurudireba a bakin kasuwa.

"Ni ce Injiniya! Kwamfutar da ke rarrafe, in na taɓa ta sai ta yi tsere da barewa!"

Sai ga Raƙumi, ga tsawo ba wayo, ya rungumo tasa.

"Ranka ya daɗe, bushewa ce ke damunta," in ji Tsaka. "Kawo man shanu ƙwarya guda, ka dawo da la'asar."

Ta lashe man tas, ta shiga saiti ta ɗaga lambar gudu har ƙarshe. Kwamfuta kuwa ta dinga tashi kamar an tsikare ta. Raƙumi ya tafi yana wage leɓe.

Da gari ya waye ya dawo a fusace, na'ura tana hayaƙi. Tsaka ta yi birgima cikin toka, ta fito fari fat.

"Wayyo, ƙanwata ka samu! Wannan jahilar? Wa ke sa man shanu? Kitsen rago ake sawa!"

Sakaran ya kawo kitse, har da ba ta haƙuri. Ta ce ya bar kwamfutar ya dawo bayan mako, yana juya baya ta cinye.

Da gari ya waye sai ga Kura da wayarta da curin kitse, don labari ya kai mata.

"Ajiye ki je ki huta, Yaya Kura."

"Ni in bar kitse da wani? A gabana za ki shafa."

Tsaka ta ga ba mafita, amma bakinta bai mutu ba. "To, yau za ki ga aikin manya!"

Ta buɗe waya, ta lafta kitsen nan tana kallonsa kamar ta yi kuka, ta ɗaga gudu. Ba a jima ba waya ta ɗau zafi. Kitse ya fara ƙara, cuuu! Ƙanshin suya ya cika kasuwa. Kura ta haɗiyi yawu sau ɗaya, sau biyu. A na uku ta kai wa wayarta cizo. Batir ya fashe mata a baki, fus!

Ƙanshin ya jawo Raƙumi. Ya leƙa kwamfutarsa da ke yashe a gefe, ya ga ko ɗigon maiƙo babu.

"Ina kitsena? Ina man shanuna?"

Tsaka ta arce. Raƙumi ya kai mata shuri, ta bugu da bango. Kura ta cafko wutsiyarta, Tsaka ta tsinke ta, ta bar mata tana wutsil-wutsil a hannu, ta haye can ƙarƙashin kwanon rufi. Ta leƙo, haƙarƙari na zogi.

"Kafin ta ƙone, ta yi gudu ko ba ta yi ba? Ku riƙe wutsiyar, wata za ta tsiro. Ku dai a ga abin da zai tsiro muku!"

Nan tawa ta tsaya, ƙurunƙus.